Sunan Mahauci a Harshen Galisiya da na Fotugis: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya buɗe ƙamus yana neman yadda ake cewa mahauci da harshen Fotugis zai tarar da kalmomi uku ko huɗu a jere, kuma ƙamus ɗin ba lallai ne ya gaya masa wadda za ta karɓu a Lizbon da wadda za ta sa mai shago ya ɓata rai ba. Amsoshin da ke ƙasa sun bi waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, tare da ta harshen Galisiya, wanda ɗan'uwan Fotugis ne na jini.

Da wace kalma ake kiran mahauci a waɗannan harsuna biyu?

Amsar ta danganta da ƙasar da mutum yake tsaye a cikinta. A Galisiya ana cewa carniceiro, mace kuma carniceira, shagon da suke sayar da nama shi ne carnizaría ko carnicería. A Fotugal ana cewa talhante ga namiji da mace baki ɗaya, shagon kuma talho, haka nan ake yi a Angola da Mozambik, waɗanda suka bi Fotugal a yawancin kalmomin ciniki da na hukuma. A Birazil kuwa mahauci açougueiro ne, shagonsa açougue. Kalmomin uku suna cikin ƙamus na Fotugis, mai ilimi a kowace ƙasa zai gane su, amma ba a furta su da nauyi ɗaya, kuma tushensu ma ba ɗaya ba ne: ta farko daga nama ta fito, ta biyu daga yanka, ta uku daga kasuwa.

Ina ne Galisiya, kuma me ya sa ake haɗa harshenta da Fotugis a tambaya ɗaya?

Galisiya yanki ne mai cin gashin kansa a kusurwar arewa maso yammacin Sifaniya, daidai saman Fotugal, kogin Miño ne ya raba su a ƙarshen tafiyarsa zuwa teku. Mutanenta sun kai kimanin miliyan 2.7, babban birninta Santiago de Compostela, lardunanta huɗu: A Coruña, Lugo, Ourense da Pontevedra. A zamanin da harshen Latin na Rumawa ya rarrabu ya haifi harsunan yau, mutanen hayin arewa da na hayin kudu na wannan kogi harshe ɗaya suke yi, kuma da shi mawaƙan fada suka riƙa tsara waƙoƙi a ƙarni na 13, har a fadar Sarki Alfonso na Goma na Kastil, masarautar tsakiyar Sifaniya ta yau, wanda ba ɗan yankin ba ne.

Siyasa ce ta raba su. Afonso Henriques ya ɗauki sarautar Fotugal a 1139, aka amince masa a yarjejeniyar Zamora ta 1143, ƙasarsa ta ci gaba da faɗaɗa zuwa kudu, ta ci Lizbon a 1147, ta gama da Algarve a 1249, daga baya ta haye teku da harshenta. Galisiya kuwa ta zauna ƙarƙashin sarautar Kastil, harshenta ya fita daga takardun hukuma na ɗaruruwan shekaru, ya koma na gona da na jirgin su, sai a ƙarni na 19 marubuta irin su Rosalía de Castro suka maido shi kan takarda. Saboda haka idan aka ga kalma ta bambanta tsakanin harsunan biyu, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne wanne daga cikinsu ya riƙe ta dā, wanne ya sake, kuma da wa kowannensu ya yi maƙwabtaka bayan rabuwar.

Daga ina carniceiro ta samo asali, kuma me ya sa ba a son ta a Fotugal da Birazil?

Tushenta shi ne kalmar Latin caro, carnis, wato nama, wadda ta zama carne a harsunan biyu. Daga carne aka sami carniça, ko carniza a rubutun Galisiya, sannan aka ɗora mata ɗafin -eiro, wanda aikinsa ya yi daidai da na ma- da -i a cikin maƙeri da maɗinki da mahauci. Da wannan ɗafi ne ake samun ferreiro, maƙeri, da sapateiro, mai ɗinkin takalma. Ita ce tsohuwar kalmar gado ta harsunan biyu, kuma a takardun garuruwan Fotugal na tsakiyar zamani carniceiro sunan sana'a ne kawai, ba zagi a cikinsa.

Abin da ya ɓata ta a kudancin kogi shi ne sauyin da ya sami uwarta. A Fotugis na yau carniça mushe ce, abin da ungulu ke sauka a kai, ita kuma carniceiro ta bi ta zuwa wannan wuri, ta zama sunan dabba mai cin nama, da mutum marar imani mai son zubar da jini, da likitan tiyata da hannunsa bai iya aiki ba. Jaridun Fotugal suna kiran Klaus Barbie, jami'in Nazi da aka yi wa shari'a a Faransa a 1987, da laƙabin Carniceiro de Lyon. A filin ƙwallo na Birazil ɗan wasan da ya fi kai wa ƙafar abokin hamayya hari fiye da ƙwallo shi ma carniceiro ne. Wanda ya shiga shagon nama a Porto ya kira mai shagon da wannan suna ba za a ce ya yi kuskuren nahawu ba, sai dai za a ji maganar tamkar ta tsoffin littattafai, ko kuma a ɗauka da gangan ya faɗa.

A Galisiya ma'anar rashin imanin tana nan a gefe, amma ba ta danne ta sana'a ba, kuma ga alama zaman kusa da Sifaniyanci ya taimaka, domin carnicero ita ce kalmar yau da kullum a can, kuma kusan duk ɗan Galisiya yana jin harsunan biyu.

Da gaske ne açougue kalmar Larabci ce?

Da gaske ne, kuma mai karatun allo zai gane ta da zarar an cire mata rigar Fotugis. Asalinta as-suƙ, kasuwa. Harafin sin yana cikin haruffan shamsiyya, don haka lam ɗin al- ya narke a cikinsa, mutanen Iberiya, wato yankin Sifaniya da Fotugal na yau, suka ji assuƙ a matsayin kalma guda, suka karɓe ta da alif ɗinta, kamar yadda suka karɓi açúcar daga as-sukkar, da azeite daga az-zait, da arroz daga ar-ruzz. Hausa ta yi irin wannan aro a alƙali da albasa da aljihu, inda al- ya manne ya zama ɓangaren kalmar. Musulmi sun shiga Iberiya, wadda suka kira Andalus, a 711, kuma kudancin ƙasar da ake kira Fotugal a yau ya zauna a hannunsu fiye da shekara 500, lokacin da ya isa harshen kasuwa ya shiga bakin kowa.

Da farko açougue ba shagon nama ba ne. Kasuwar gari ce mai rufi, wadda ake sayar da nama da kifi da burodi da ganye a cikinta, hukuma tana karɓar kuɗin da ake kira açougagem daga masu kasa kaya. Mai kula da awo da farashi a wurin shi ne almotacé, wato al-muhtasib, jami'in hisba, muƙamin da sarakunan Kirista suka gada daga garuruwan Musulmi suka ci gaba da naɗa shi da sunansa na Larabci. Nama ne kayan da hukuma ta fi sa wa ido, saboda yana saurin lalacewa, yana da haraji mai tsoka, kuma cuta a awonsa ba ta da wuya, don haka aka tilasta a yanka a sayar da shi a wuri ɗaya da aka sani. A hankali sauran 'yan kasuwa suka watsu zuwa dandali da tituna, mahauta suka rage a cikin ginin, sunan ya zama nasu.

Birnin Évora na kudancin Fotugal yana da shaida da ido zai iya gani. A tsakiyarsa akwai wurin bauta na Rumawa da aka gina a ƙarni na farko, ginshiƙansa 14 suna tsaye har yau. A tsakiyar zamani an cike tsakanin ginshiƙan da bango, aka mayar da ginin açougue na gari, kuma an ci gaba da yanka da sayar da nama a cikinsa har 1836. Bangon mahautan ne ya riƙe ginshiƙan bai bari suka zube ba, sai a shekarun 1870 aka rushe shi aka fito da su fili.

Akwai kuma abin da ya shafi mai karatun Hausa kai tsaye. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmar kasuwa ta shigo Hausa ne ta hannun Barebari, waɗanda suka ɗauki suƙ ta Larabci suka sa mata ka- a gaba. Ke nan kasuwar Kurmi da açougue na unguwannin São Paulo kalma ɗaya ce ta haife su, ɗaya ta ratsa Sahara ta Borno, ɗaya ta haye mashigin Jabal Ɗariƙ sannan ta haye Atlantika.

To me ya sa Birazil, wadda Larabawan Andalus ba su taɓa mulka ba, ita ce ta riƙe kalmar?

Saboda ta karɓi harshen a lokacin da kalmar take da rai. Jiragen Pedro Álvares Cabral sun isa gaɓar Birazil a 1500, aka kafa Salvador a 1549, kuma garuruwan da aka kafa sun kwafi tsarin majalisun garuruwan Fotugal da jami'ansu, har da almotacé da açougue na hukuma, inda majalisa ke bayar da kwangilar yankan nama ga wanda ya yi tayin da ya fi. Kalmar ta kafu a can, Birazil ta sami 'yancin kai a 1822, ta ci gaba da harshenta ba tare da jiran abin da Lizbon za ta ce ba. A Fotugal kuwa talho ta ture açougue sannu a hankali, har ta koma kalmar littattafan tarihi da ta sunayen tsoffin tituna.

Wannan ya saba wa zaton da mutane da yawa ke yi cewa duk inda Birazil ta bambanta da Fotugal, Birazil ce ta ƙirƙiro sabon abu. A nan ita ce mai riƙon tsohon. Kuma da yake mutanen Birazil sun haura miliyan 200, na Fotugal kuwa kimanin miliyan 10 ne, mafi yawan masu magana da Fotugis a duniya da kalmar Larabci suke kiran mahaucinsu. Ita ma açougueiro ba ta tsira daga zagi ba, domin ɗan Birazil yana jifan likitan haƙori mai mugun hannu da ita, amma wannan bai hana mai sana'ar rubuta ta a katin aikinsa ba. Shagunan da ke son nuna tsada sukan guje wa açougue su rubuta casa de carnes, gidan nama, a allonsu.

Mene ne asalin talhante da talho?

Aikatau ne, talhar, yanka ko sara, daga Latin na baya-baya taliare. Talho da farko yankan ne kansa, sannan gungumen itacen da ake ɗora nama a sara a kai, sannan teburin mahauci ɗaya a cikin babban açougue, daga ƙarshe shagon gaba ɗaya. A Galisiya kalmar ta tsaya a matakin gungume: tallo guntun kututture ne da ake sara a kansa ko a zauna. Ɗafin -ante kuwa shi ne na estudante, ɗalibi, da comerciante, ɗan kasuwa, kuma ba ya rarrabe jinsi, shi ya sa ake cewa o talhante ga namiji, a talhante ga mace. Akwai kuma cortador, mai yanka, wadda ake ji a Fotugal musamman a tallan neman ma'aikata, inda manyan kantuna ke neman cortador de carnes.

Daga taliare ɗin nan Faransanci ya sami tailleur, mai yanka tufafi, Ingilishi ya ara, Hausa kuma ta karɓa daga Ingilishi ta ce tela. Mahaucin Lizbon da telan Kano suna da kaka ɗaya. Shi kuwa telan Lizbon alfaiate ake ce masa, daga al-khayyaɗ na Larabci.

Ba a san açougue a Galisiya ba ke nan?

An san ta, amma a matsayin kasuwa, kuma yanzu sai a sunan wuri. Mulkin Musulmi bai zauna a Galisiya ba sai na ɗan lokaci a ƙarni na 8, harin da Almansur, jagoran yaƙin Musulmin Andalus, ya kai Santiago a 997 kuwa hari ne aka kai aka koma, don haka kalmomin Larabci sun isa can ne ta hanyar fatake da dokokin garuruwa, ba ta zaman tare ba. A garin Betanzos na lardin A Coruña akwai coci na ƙarni na 14 mai suna Santa María do Azougue, wanda ya ci sunan kasuwar da ke ci a gefensa. A Sifaniya ma dandalin da ke ƙarƙashin doguwar gadar ruwan Rumawa a Segovia sunansa Azoguejo, 'yar ƙaramar kasuwa.

A nan akwai tarko ga mai koyo. Fotugis yana da wata kalma, azougue, da z, wadda ba ta da alaƙa da kasuwa ko nama. Ma'anarta zaiba, ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa, daga az-za'uƙ na Larabci, kuma ana kiran yaro marar zama wuri ɗaya da ita. A Fotugis harafi ɗaya ne ya raba su, a rubutun hukuma na Galisiya kuwa, wanda ba ya amfani da ç, sun zama iri ɗaya a ido.

Wanne ne daidai a harshen Galisiya: carnizaría, carnicería ko carniçaria?

Duka ukun ana rubuta su, kuma zaɓin yana nuna ɓangaren da marubuci ya tsaya a wata muhawara da ta girmi shagon nama. Bayan mutuwar Franco, shugaban mulkin kama-karya na Sifaniya, a 1975, Galisiya ta sami dokar cin gashin kai a 1981, harshenta ya zama na hukuma tare da Sifaniyanci, a 1982 kuma aka fitar da ƙa'idojin rubutu da hannun Real Academia Galega, hukumar harshen da aka kafa a A Coruña a 1906. Waɗannan ƙa'idoji sun jingina da rubutun Sifaniyanci: ñ da ll, ba nh da lh ba, z maimakon ç. A kansu carnicería da carnizaría duka sun halatta, sai dai gyaran da aka yi a 2003 ya fifita ɗafin -aría, wanda shi ne na gado kuma shi ne ya dace da -aria na Fotugis, a kan -ería mai kama da na Sifaniyanci.

Ɗaya ɓangaren, wanda ƙungiyar masu kishin harshen Galisiya mai suna AGAL ta 1981 take wakilta, yana ganin harshen Galisiya da Fotugis har yanzu harshe ɗaya ne mai rassa, don haka ya kamata a rubuta shi da haruffan Fotugis, su ne ke rubuta carniçaria. Makarantu da ofisoshin gwamnati da gidan talabijin na yankin suna bin ƙa'idar hukuma. A titi kuwa allon da ya fi yawa shi ne carnicería, wanda yake karantuwa da harsunan biyu, kuma mai shago da ke son kowa ya shigo ba shi da dalilin neman wani. Ga baƙo mai rubuta takarda zuwa hukuma, carnizaría ce ba za a yi masa gyara a kanta ba.

Sunan mutumin bai shiga wannan rigima ba. Carniceiro haka kowa ke rubuta shi.

Shin mai yanka dabba da mai sayar da nama suna ɗaya gare su?

A'a, kuma rarrabewar ta fi ta Hausa tsanani, domin a wurinmu fawa ta haɗa sayen dabba da yanka da fiɗa da kasawa, duk ƙarƙashin Sarkin Fawa. A Fotugis wanda ke aiki a kwata, yana kashewa yana feɗewa, shi ne magarefe, kalmar da har yanzu take cikin jerin sana'o'i na hukuma a Birazil. Ƙamus na hukumar harshen Sifaniyanci yana mayar da ita ga muƙrif na Larabci, mai ƙazanta, kuma ya ce daga gare ta ne Sifaniyanci ya sami matarife bayan an gauraya ta da matar, kashewa. Kwatar kanta matadouro ce a Fotugal, matadoiro a Galisiya, a Birazil kuma ana ƙara abatedouro, manyan masana'antun da ke yanka dubban shanu suna sanyaya naman kuwa frigorífico ake ce musu. Marchante, daga marchand na Faransanci, shi ne dillalin da ke sayen shanu a tsaye ya kai wa mahauta, amma a kasuwannin arewa maso gabashin Birazil sunan ya sauka a kan mai sayar da naman kansa.

Galisiya tana da nata na ƙauye, matachín. Shi ba shago gare shi ba. Mutum ne a cikin gari da aka san hannunsa, ana kiransa gida-gida idan sanyi ya shigo, daga wajen ranar San Martiño, 11 ga Nuwamba, lokacin da kowane gida ke yanka aladen da ya yi shekara yana kiwo, a gishirta naman a rataye shi a hayaƙi don ya kai iyali har wata shekara. Daga wannan al'ada ce karin maganarsu ta fito, cewa kowane alade San Martiño ɗinsa na zuwa. Naman da aka adana haka chacina ne, kuma ita ma wannan kalma ta yi irin tafiyar carniceiro, domin a jaridun Birazil chacina kisan gilla ne na mutane da yawa a lokaci ɗaya.

Yaya ake furta su?

Harafin ç kamar s yake, gu kafin e kuma g ce mai ƙarfi ba tare da an ji u ba, don haka açougueiro tana fita kusa da asogeru, da nauyi a kan ge. A talhante, lh sauti ɗaya ne mai kama da ly, wasalin ƙarshe kuma ɗan Lizbon yana haɗiye shi, sai a ji talyant. Carniceiro a bakin ɗan Fotugal tana da s a tsakiya, a yawancin Galisiya kuwa wannan c ana furta ta da harshe tsakanin haƙora, kamar harafin tha na Larabci mai ɗigo uku, ban da wasu yankunan gaɓar yamma da ke yin s. A kula kada a gajarta ta ta zama carneiro, domin wannan rago ne.

Akwai sauran Larabci a cikin shagon, bayan sunansa?

Akwai, kuma ya fi yawa a wajen awo. Kafin Fotugal ta karɓi kilo a 1852, ana auna nama da arrátel, daga ar-raɗl, mai nauyin giram 459, guda 32 kuma su ne arroba ɗaya, kusan kilo 14.7. Arroba daga ar-rub' take, rubu'in da muka sani, domin kashi ɗaya ce cikin huɗu na babban ma'aunin quintal. Birazil ta zagaye ta zuwa kilo 15 ta ci gaba da aiki da ita, kuma har gobe farashin shanu a can da arroba ake faɗinsa a labaran kasuwa. Nauyin naman da aka feɗe ake nufi, ba na san da ke tsaye ba, kuma a lissafin gargajiya na makiyaya ana ɗaukar rabin nauyin dabba mai rai, wato kilo 30 a tsaye arroba ɗaya ke nan. Alamar @ ta adireshin imel ma arroba ake kiranta a Fotugis da harshen Galisiya da Sifaniyanci, saboda da ita 'yan kasuwa ke taƙaita wannan ma'auni tun kafin a san kwamfuta.

A kan teburin kuma akwai alcatra, tsokar ƙugu, da acém, ta wajen wuya da kafaɗa, waɗanda masu ƙamus ke mayarwa ga Larabci. Amma sunayen yankan nama ba su da tabbas daga ƙasa zuwa ƙasa, domin kowace tana raba sa ta hanyarta. Açougueiro na Birazil yana sayar da wani yanki da talhante ba ya samu daga shanun ƙasarsa, wato cupim, tozo, saboda yawancin garken Birazil shanu ne masu tozo irin Nelore da aka kawo asalinsu daga Indiya, shanun Iberiya kuwa, irin su Rubia Galega ta Galisiya da Barrosã da Mirandesa na arewacin Fotugal, bayansu a shafe yake.

Musulmin da ya je waɗannan ƙasashe, waɗanne kalmomi ya kamata ya riƙe a shagon nama?

Ya fara da sunan shagon haɗe da halal: talho halal a Fotugal, açougue halal a Birazil, carnizaría ko carnicería halal a Galisiya. A Lizbon irin waɗannan shaguna sun taru a wajen Martim Moniz da Mouraria, unguwar da sunanta ke nufin zangon Musulmi tun bayan cin garin a 1147. Birazil tana cikin manyan masu fitar da kaji da naman shanu na halal zuwa ƙasashen Larabawa, amma wannan bai sa naman da ke açougue na unguwa ya zama yankan Musulmi ba, sai an tambaya.

Alade porco ne a harsunan biyu, a kan takardar kaya kuma ana iya rubuta suíno. Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne kayan da ba su ɗauke da sunansa: presunto da fiambre, toucinho ko touciño, banha, wato kitsensa da ake soya da shi, chouriço ko chourizo, da lacón da xamón na Galisiya. Alheira, wani niƙaƙƙen nama da ake ɗurawa a hanji, ta garin Mirandela na Fotugal, tana da labarin cewa Yahudawan da aka tilasta wa shiga Kiristanci a 1497 ne suka ƙirƙiro ta da naman kaza da burodi don maƙwabta su ga kamar suna cin alade, kuma wannan labari yana sa baƙi su saki jiki da ita, alhali yawancin wadda ake sayarwa a yau da naman alade ko kitsensa a ciki. Naman sa carne de vaca ne, a Birazil kuma an fi cewa carne de boi ko carne bovina. Maraƙi vitela ne a Fotugal, tenreira a Galisiya. Ɗan tunkiya borrego ko cordeiro, ɗan akuya cabrito, kaza frango, a Galisiya polo.

Mai fassara ko mai rubutu ga masu karatu na ƙasashe da yawa, wacce zai ɗauka?

Babu kalma ɗaya da za ta gamsar da kowa, kuma yarjejeniyar daidaita rubutu ta 1990 ba ta taɓa wannan ba, domin haruffa ta daidaita, ba kalmomi ba. Idan masu karatu 'yan Birazil ne, açougueiro. Idan na Fotugal ne ko Angola ko Mozambik, talhante. Idan na Galisiya ne, carniceiro. Kuskuren da ya fi yawa shi ne na wanda ya fara da Sifaniyanci, ya ga carniceiro ta yi kama da carnicero, ya ɗauka ya sami kalmar da za ta yi aiki ko'ina, sai ya rubuta wa ɗan Birazil cewa mahaifinsa carniceiro ne. Inda labari ya shafi tsakiyar zamani kuwa, ko ana son ma'anar mai zubar da jini, carniceiro ce daidai a ƙasashen uku. Takardar da dole ta yi aiki a Lizbon da São Paulo a lokaci guda, kamar fom ɗin neman aiki, ana iya rubuta mata cortador de carnes, ko a jera talhante da açougueiro da layi a tsakaninsu.